Isawan Gimi: Shekara Arba'in Ana Jiran Littafi

Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta nufi Kano tana ratsawa ta Gimi, a ƙasar Makarfi. Tun 1911 dogo ya isa Kano, kuma tun daga lokacin dubban matafiya sun wuce ta wannan tasha suna leƙen gonakin rake da dawa ta taga. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a wannan yanki aka taɓa kafa ƙauye na Hausawa Kiristoci, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba. Amma in ana maganar tsohuwar muhawarar nan ta Kirista, wato ko mutum ya nemi alama kafin ya gaskata alkawarin Allah, ko ya riƙe alkawarin ba tare da ya ga komai ba, a ganina babu inda aka gwada ta a ƙasar Hausa kamar Gimi.

Asalin labarin a Kano yake, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Akwai wani malami a birnin, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu. Ya yi ta nazarinsu har ya ba Annabi Isa matsayin da sauran malaman gari suka ga ya wuce gona da iri. Almajirai suka taru a gabansa. Mutane suka riƙa kiransu Isawa, ana kuma ce musu Bani Isra'ila. Maganar ta kai fada, aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Masu binciken tarihi galibi suna sa wannan a wajen 1867.

Labarin da jikokin almajiransa suka riƙe shi ne, kafin a kashe shi ya umarci mutanensa su fita daga Kano, ya kuma gaya musu cewa wata rana Allah zai kawo musu cikakken bayani game da Isa, su jira. Suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka yi hijira daga Tsakuwa suka kafa mulkin da bai bi Kano ko Bauci ba. Wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, cikin jama'a, suna noma kamar kowa. Wani almajirinsa, Malam Yahaya, ya ci gaba da riƙe koyarwar.

Gaskiya ta wajaba a nan. Malam Ibrahim bai kira kansa Kirista ba, kuma almajiransa na farko a cikin Musulunci suka tashi, daga Alƙur'ani suka ɗebo hujjojinsu. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya yi nazarin malaman Isawa, ya duba su ne a matsayin motsi da ya ɓullo daga cikin malantar ƙasar Hausa, kuma ba duk zuriyarsu ce ta shiga coci daga baya ba. Yawancin abin da aka rubuta a kansu da farko ya fito ne daga alƙalamin ɗan mishan, wanda ya ji labarin da kunnen mai murna. Haka nan kalmar da Malam Ibrahim ya bari ba annabcin Littafi Mai Tsarki ba ce, wasiyya ce ta malami ga almajiransa. Abin da ya sa take da nauyi a wannan magana shi ne irin jiran da ta haifar, domin irinsa ne Littafi Mai Tsarki yake yabo tun daga kan Annabi Ibrahim da Saratu.

Kada mu manta irin zamanin da suka yi jiran a ciki. Ƙasar Hausa a lokacin cike take da masu ƙidayar alamu. Shekara ta 1300 bayan hijira ta faɗo a 1882 zuwa 1883, mutane da yawa suka sa ran bayyanar Mahadi. Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da ɗimbin jama'a har aka kashe shi a Burmi a cikin wannan shekarar. A 1906 Satiru ta tashi, aka ɗaga tutar Mahadi da ta Annabi Isa, aka kuma rushe garin ƙurmus. A 1910 tauraruwa mai wutsiya ta fito, kowa ya gan ta da idonsa. Duk wanda yake son ya ce ƙarshen duniya ya zo yana da abin nunawa. A cikin wannan guguwa Isawa suka zauna da wasiyyar da babu rana a cikinta, babu shekara, babu sunan wanda zai zo. Waɗanda suka ji ta daga bakin malamin suka tsufa, da yawansu suka rasu, suka bar wa 'ya'yansu.

Wani abu da ke taɓa zuciyata shi ne, littafin da suke jira an riga an soma buga shi da harshensu. A Ingila, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön ya yi aiki da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai, kuma tun kafin 1860 an buga sassan Linjila da Hausa. Littafin yana can bayan teku, masu jiransa suna nan a gindin duwatsun Ningi, babu wanda ya san da wani.

Su ma 'yan mishan suna da nasu tarihin na ɗokin ganin alama. A 1890 wasu samari 'yan ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, suka sauka a Lakwaja da tabbacin cewa ƙasar Hausa za ta buɗe musu nan da nan. Robinson ya rasu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba su taka Kano ba. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci wata tawaga har cikin birnin Kano. Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A cikin tawagar akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, Hausawa suka san shi da Likita Mila. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya yi ta fassara. Shekara takwas yana wannan aiki, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba.

A 1913 sai ga wasu samari daga cikin Isawa a ƙofar gidansa. Suka ba shi labarin Malam Ibrahim da wasiyyarsa. Shekara arba'in da shida ke nan, in an bi lissafin 1867. Mila ya ɗauki abin a matsayin hannun Allah, su kuma suka ga jiran iyayensu ya ƙare. Aka riƙa kai da kawowa, ana karanta musu Linjila, har wasu iyalai suka yanke shawarar su taru wuri guda. Aka sami izini, aka kafa sabon gari a Gimi wajen 1914. Mutanen sun haura ɗari. Aka yi majami'a da makaranta, aka share gonaki. Wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama irin wanda mai wa'azi yake so: an yi annabci, an jira, ya cika, kowa ya tafa. Da kuwa ya koya mana rabin gaskiya.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A harkar kasuwa da shari'a wannan daidai ne. A harkar bangaskiya kuwa Linjila ta juya maganar. A Matiyu sura 12 malaman Attaura da Farisiyawa, a sura 16 kuma Farisiyawa da Sadukiyawa, sun nemi Yesu ya nuna musu alama. Ya ƙi, ya kira su mutanen zamani mai mugunta, ya ce alamar Annabi Yunusa kaɗai za a ba su. Masu fassara na Kirista sun fahimci wannan da mutuwarsa da kwana uku a kabari da tashinsa. Wato alamar da ya yarda ya bayar ta bi ta kabari ne. Toma, a Yahaya sura 20, ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusoshi. An bar shi ya gani, amma albarkar da aka furta a wurin ta waɗanda suka gaskata ba su gani ba ce. Bulus kuma ya gaya wa Korantiyawa cewa wasu alamu suke nema, wasu hikima, shi kuwa Almasihu da aka gicciye yake wa'azinsa.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, kuma masu cewa duk neman alama zunubi ne sun yi gaggawa. Gidiyon ya shimfiɗa ulu a masussuka har sau biyu, Allah bai yi fushi da shi ba. Sarki Ahaz kuwa, a Ishaya sura 7, Allah ne da kansa ya ce ya roƙi alama, ya ƙi da sunan tsoron Allah, aka tsawata masa. Yahaya Maibaftisma daga kurkuku ya aika yana tambaya ko Yesu ne mai zuwan, aka amsa masa da ayyukan da annabawa suka riga suka faɗa: makafi na gani, guragu na tafiya, matalauta na jin bishara. Abin da malaman coci suka fitar daga waɗannan wurare shi ne, a duba zuciyar mai tambaya. Akwai mai rauni da yake son a ƙarfafa shi ya yi biyayya. Akwai kuma wanda ya kafa wa Allah sharaɗi, in ba a yi masa yadda yake so ba ya juya baya. Na farkon ana tausaya masa. Na biyun shi ne aka hana. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta ƙara wani gargaɗi mai nauyi: ko da alamar annabi ta tabbata, in yana jan mutane zuwa wata hanya dabam, kada a bi shi. Ashe cikar alama ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Isawan da suka isa Gimi sun fi kama da Saminu da Hannatu na Luka sura 2, tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna jira a Haikali. Iyayensu da suka rasu a hanya sun fi kama da mutanen Ibraniyawa sura 11, waɗanda suka mutu suna hangen alkawari daga nesa. Jarrabawar da ta fi wannan tsanani kuwa tana gaba.

Ciwon barci ya shiga garin. Wanda bai taɓa jin yadda yake ba, ga shi. Ƙudan tsando yana zama a inuwar kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, maza ke noman fadama. Ya ciji mutum, a manta. Bayan makonni zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, kai ya yi ta ciwo, kaluluwa ta fito a bayan wuya. Ana iya yin watanni a haka. Daga nan hali ya canza, mai fara'a ya zama mai faɗa, mai ƙwazo ya kasa ɗaga fartanya. Da dare ido biyu, da rana gyangyaɗi, har mutum ya yi barci da lomar tuwo a hannu. Jiki ya rame, a ƙarshe ya kwanta bai farka ba. Tun 1903 David Bruce da abokan aikinsa suka nuna a Yuganda cewa tsando ne ke yaɗa cutar, amma magungunan da suka yi tasiri sai bayan 1920 suka fara yaɗuwa. Maganin da ake da shi kafin nan yana iya makantar da mai shansa. Mila likita ne, amma hannunsa babu abin da zai tsayar da ita. A ƙarshen 1918 kuma annobar marisuwa ta ratsa Arewa ta kwashe jama'a ko'ina.

Gimi ta yi ta binne mutanenta. Garin da aka kafa da waƙar godiya bai cika shekara goma ba ya watse.

Mai karatu, ka sa kanka a matsayin wanda ya baro danginsa ya zo nan saboda wasiyyar kakansa, yanzu kuma yana haƙa kabarin ɗansa. In shi mai karanta alamu ne, me zai karanta? Maƙwabci yana iya ce masa wannan horo ne don ya bar hanyar iyaye. Zuciyarsa ma tana iya gaya masa haka. Wanda ya gina bangaskiyarsa a kan cewa zuwan Mila alama ce, dole ya ɗauki annobar a matsayin alama ta biyu da ta soke ta farko. Ma'auni ɗaya ne, ba ya yiwuwa a karɓe shi ranar daɗi a ƙi shi ranar wuya. Wannan shi ne raunin addinin da ya rataya a kan alamu, kuma Gimi ta tona shi a fili. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun kwashe 'ya'yansu da marayun 'yan'uwansu suka koma Zariya wurin mishan, suna nan a kan abin da suka karɓa. Ba su ga warkarwa ba, ba su ga wuta daga sama ba. Abin da ke hannunsu shi ne littafin da iyayensu suka jira, kuma a cikinsa sun tarar da Almasihun da shi ma ya bi ta kabari.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, a ƙarƙashin Guy Bullen, aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa, ginin magina Hausawa, tana nan tsaye har yau. Zuriyar Isawa na cikin tushen wannan al'umma. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya ba da shekarunsa a kai tare da Hausawan da suka taya shi da wasu 'yan mishan. Mila ya rasu a 1952. Ɗaya daga cikin Isawan da suka karɓi bishara, Malam Bulus Audu, an haifa masa ɗa a Anchau a 1927. Yaron, Ishaya Audu, ya yi karatu a Wusasa, ya zama likita, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari, ya ƙare rayuwarsa yana aikin fasto da jinyar marasa lafiya har rasuwarsa a 2005. Ban kawo wannan don in ce ga sakamakon da ya biya kaburburan Gimi ba. Uwar da ta binne 'ya'yanta a can ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma bangaskiyarta ba ta jira shi ba.

Ita kuwa cutar, amsarta ta fito a ƙasar Zazzau. Daga 1937 gwamnati ta soma shirin Anchau. Ma'aikatan lafiya suka bi ƙauye ƙauye suna jera mutane, suna lalubar wuyan kowa da yatsu don neman kaluluwa. Aka sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70, aka haƙa rijiyoyi don mata su daina zuwa rafi, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni. Masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororin aikin. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ja baya ƙwarai. Abin da ya kashe mutanen Gimi ƙuda ne da ke ɓuya a inuwar rafi. Ya ciji Musulmi, ya ciji Bamaguje, ya ciji Kirista, bai tambayi kowa addininsa ba. Duk wanda ya karanta annobar a matsayin hukuncin Allah a kan wani ɓangare ya yi kuskuren karatu. Yesu da kansa ya ƙi irin wannan fassara lokacin da aka tambaye shi game da makahon da aka haifa haka, da kuma lokacin da ya yi magana a kan mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa.

Akwai wani Miller a tarihin coci, William Miller na Amurka, manomi kuma mai wa'azi, wanda ya lissafa kwanakin littafin Daniyel. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya: gari ya waye, dubbai suka koma gida da karyayyar zuciya. An sake irin wannan a 2011, lokacin da Harold Camping ya sa 21 ga Mayu. Alhali Matiyu sura 24, wadda masu lissafi suka fi dogara da ita, ita ce ta ce ranar ɓoyayya ce, ta kuma yi kashedi da annabawan ƙarya masu manyan al'ajibai. Manoman Ningi da ba su da littafin sun fi waɗannan masu littafin fahimtar yadda ake jira.

A yau majami'u sun yawaita a Ikara da Makarfi da Kudan, musamman a garuruwan da asalinsu na Maguzawa ne, har Angilikan suna da dayosis a Ikara. Na zauna a wata addu'ar dare a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka. Janareto na ƙara a bayan ɗaki, 'yan zumuntar mata sun yi anko suna buga tulu, yara sun yi barci a kan tabarma. Baƙon mai wa'azi ya tashi ya ce kafin girbi kowa zai ga alama a gidansa, ya ɗaga kwalbar mai ya faɗi kuɗinta. Wata dattijuwa kusa da ni ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ta samu a cinikin daddawa. Na san ɗanta na kwance, na kuma san asibiti ya fi wannan kwalba kusa da warakarsa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Tsoron masu garkuwa da mutane, tsadar taki, ciwon da babu kuɗin magani, su ne ke sa mutum ya nemi abin da zai riƙe da hannu. Laifin yana wuyan wanda ya san Littafi ya mayar da tsoronta jari. Ranar da girbi ya wuce ba ta ga komai ba, shi ya riga ya yi gaba, fastonta na ƙauye ne zai zauna da ita yana ɗinke abin da ya yage.

Shi ya sa nake kira ga fastoci da masu bishara da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki na wannan yanki, daga Hunkuyi zuwa Gimi har Ikara: ku koya wa jama'arku labarin Isawa gaba ɗayansa, har da ciwon barcin, kada ku tsaya a 1913. Jikokin mutanen nan suna Wusasa da Zariya da Kaduna, wasunsu sun tsufa ƙwarai. A je a zauna da su, a naɗi muryoyinsu, a rubuta sunayen waɗanda aka binne a Gimi da Hausa, tun masu iya faɗar sunayen suna raye.